Triniti: shin bakin Kiristoci ɗaya ne a kanta?

"Malam, Allah ya ƙara sani. Ni Musulmi ne, ina aiki tare da Kiristoci kuma muna zaman mutunci. Wani abokin aikina ya ce mini Triniti kamar ruwa ne da ƙanƙara da tururi, abu ɗaya a kama uku. Da na maimaita wa wani fasto wannan misali sai ya ce kuskure ne babba. Daga baya wasu masu wa'azi gida-gida suka ce mini babu Triniti a Littafi Mai Tsarki sam, wani sarkin Rum ne ya ƙaƙaba wa Kiristoci ita. Mene ne ainihin wannan aƙida, kuma me ya sa masu addini ɗaya suka saɓa a kanta haka?"

Amin, ɗan'uwa, na gode. Abu uku kake son sani: me aƙidar take cewa, daga ina saɓanin ya taso, da kuma ko gaskiya ne sarki ne ya ƙirƙiro ta. Mutane ukun da ka yi magana da su kuwa, kowannensu ya tsaya ne a wani matsayi da aka riga aka tsaya a kansa tun shekaru fiye da 1,600 da suka wuce. Abin da zan iya yi maka shi ne bayanin abin da kowane ɓangare ya ce da hujjarsa. Wane ne ke kan gaskiya a wurin Allah, wannan hukuncin imani ne, ilimin tarihi ba ya yanke shi.

Aƙidar ta tsaya ne a kan maganganu uku da mai ita yake riƙewa a lokaci guda. Allah ɗaya ne tak. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, kowanne cikakke, ba kashi ɗaya cikin uku ba. Sannan Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, Ruhu kuma ba shi ne Uba ba. Ka riƙe waɗannan ukun da kyau, domin duk wani ra'ayi da za ka ci karo da shi, ko dai ya riƙe su duka, ko ya saki ɗaya don sauran biyun su zauna masa daidai a hankali. Wanda ya saki ta ukun ya ce Allah ɗaya ne mai sauya kama. Wanda ya saki ta biyun ya ce Ɗa da Ruhu suna ƙasa da Uba. Wanda ya sassauta ta farkon ya wayi gari da alloli uku. Katolika da Otodoks da Kibɗawan Masar da Ikilisiyar Habasha da Angilikan da Baftis, haka ECWA da COCIN da EYN da ka sani a nan gida, duka suna riƙe da ukun.

Ayoyin da kowa ke kafa hujja da su

Masu wa'azin da suka zo maka sun yi gaskiya a abu ɗaya: kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Masu aƙidar ma ba su musanta haka. Abin da suke cewa shi ne kalmar taƙaitawa ce ta abin da ayoyi suka nuna idan an haɗa su wuri guda.

A gefen kaɗaitakar Allah akwai Kubawar Shari'a 6:4, inda aka ce wa Isra'ila Ubangiji Allahnsu ɗaya ne, kuma Yesu da kansa ya maimaita ta a Markus 12:29. A gefen allahntakar Yesu akwai farkon Yahaya, inda aka ce Kalma yana tare da Allah tun fil'azal kuma Kalman Allah ne, da Yahaya 10:30 inda ya ce shi da Uba ɗaya ne, da Yahaya 20:28 inda Toma ya kira shi Ubangijinsa kuma Allahnsa. A Matiyu 28:19 an umarci a yi baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma masu aƙidar sukan jawo hankali cewa "suna" aka ce, ba "sunaye" ba. A wurin baftismar Yesu a kogin Urdun an nuna ukun a lokaci ɗaya: shi yana cikin ruwa, Ruhu yana sauka kamar kurciya, murya tana fitowa daga sama.

Amma ga wasu ayoyin da ɗaya ɓangaren ke ɗagawa. A Yahaya 14:28 Yesu ya ce Uba ya fi shi girma. A Markus 13:32 ya ce ranar ƙarshe babu wanda ya san ta, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. A Yahaya 17:3 ya kira Uba Allah makaɗaici na gaskiya. Kolosiyawa 1:15 ta kira shi ɗan fari na dukan halitta. Masu Triniti suna amsa cewa irin waɗannan ayoyi suna magana ne a kan Yesu a matsayinsa na ɗan Adam bayan ya ƙasƙantar da kansa, suna kafa hujja da Filibiyawa 2:6-8. Masu ƙin ta suna cewa wannan tawili ne da aka shigo da shi daga baya. Kowa na da aya a hannu, rigimar a kan wace aya ce za ta fassara wata.

Akwai aya ɗaya da ya kamata ka san labarinta, domin ana yawan faɗa a kanta ba tare da sani ba. A wasu tsofaffin fassarori, 1 Yahaya 5:7 tana cewa akwai uku masu shaida a sama, Uba da Kalma da Ruhu, kuma ukun nan ɗaya ne. Wannan jimla ba ta cikin tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci, daga kwafen Latin ta shigo. Irasmus, masanin da ya wallafa Sabon Alkawari na Girkanci, bai sa ta ba a bugunsa na 1516 da na 1519, sai a na 1522 bayan an matsa masa. Yawancin fassarorin zamani sun cire ta ko sun mayar da ita ƙasan shafi. Wanda ya kafa hujjar Triniti da ita ya tsaya a kan rubabben reshe. Haka kuma wanda ya ce cire ta ya rusa aƙidar bai lura ba cewa malaman Girkanci na ƙarni na 4 da suka tsara aƙidar ba su dogara da ita ba.

Kafin a zo maganar sarki

Wajen shekara ta 112, gwamnan Rum na lardin Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristoci sukan taru kafin wayewar gari su rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. Ke nan girmama Yesu a ibada ya riga Kustantin, sarkin Rum da masu wa'azin suke nufi, da shekara 200. Abin da ya rage shi ne yadda za a daidaita wannan ibada da cewa Allah ɗaya ne, kuma a nan ne aka rarrabu.

Wasu Kiristoci 'yan asalin Yahudawa da ake kira Ibiyonawa sun ɗauki Yesu mutum ne zaɓaɓɓe, suka ci gaba da bin Attaura. Wani majemi mai suna Tiyodotus ya koyar a birnin Rum wajen shekara ta 190 cewa Yesu mutum ne da ikon Allah ya sauko masa lokacin baftisma, aka kore shi daga Ikilisiya. An tuɓe Bulus na Samosata, bishop na Antakiya, a 268 a kan ra'ayi mai kama da wannan.

Wasu kuma suka bi ta ɗaya gefen. Sabiliyus, a birnin Rum wajen 220, ya ce Uba da Ɗa da Ruhu sunaye ne na mai zati guda da ya bayyana a matakai daban-daban. Ra'ayi ne mai daɗin fahimta, kuma ya tsare kaɗaitaka, shi ya sa talakawan masu bi suke faɗawa cikinsa har gobe ba tare da sun sani ba. Matsalarsa ita ce, idan haka ne, da wa Yesu yake magana a gonar Gatsemani sa'ad da ya ce ba nufinsa ba sai na Uba? Kuma zai zama Uban ne aka gicciye. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ne ya rubuta raddi ga irin wannan koyarwa wajen 213, kuma a rubutunsa ne kalmar Latin "tirinitas" ta fito, tare da cewa zati ɗaya ne, masu shi uku. Kafin shi, wajen 180, Tiyofilus na Antakiya ya yi amfani da kalmar Girkanci mai ma'anar "uku". Sai dai a yi adalci: marubutan wannan zamani da yawa, har da Tartuliyan da Orijin na Iskandariya, sun yi magana da lafazin da ke sa Ɗa ƙasa da Uba a daraja. Shi ya sa a rigimar da ta biyo baya kowane ɓangare ya iya cewa magabata nasa ne.

Ariyus, Nikiya da abin da Kustantin ya yi

Wajen 318 wani limamin coci a Iskandariya, ɗan asalin Libiya mai suna Ariyus, ya saɓa da bishop ɗinsa Iskandar. Hujjarsa a tsare take. Allah shi kaɗai ne marar farko. Duk wanda aka haifa yana da farko. Saboda haka akwai sa'ad da Ɗan bai kasance ba. Ya kafa hujja da Karin Magana 8:22, inda Hikima ke cewa Ubangiji ya yi ta a farkon ayyukansa.

A nan sai na ja maka kunne, domin na ga ana yawan rubuta cewa Ariyus mai tauhidi ne irin na Musulunci. Ba haka abin yake ba. Ariyus ya yarda Ɗan ya wanzu kafin duniya, ta wurinsa aka halicci kome, ya sauko ya zama mutum, an gicciye shi, ya tashi, kuma ana iya kiransa allah a daraja ta biyu. Bai ce annabi ne kawai ba. Ibiyonawa sun fi shi kusa da wannan.

Atanasiyus, wanda ya gaji Iskandar a 328, shi ne ya zama babban abokin hamayyar wannan ra'ayi. Hujjarsa ta farko ita ce ceto: halitta ba ta iya sada halitta da Allah, sai Allah da kansa. Ta biyu ita ce ibada: idan Ɗan halitta ne, to Kiristoci sun daɗe suna bauta wa halitta suna yin baftisma da sunanta. Ta uku kuma, idan Allah Uba ne tun fil'azal, to babu lokacin da ba shi da Ɗa, kamar yadda babu lokacin da rana take ba haskenta. A wurinsa haihuwar nan ba ta jiki ba ce, ba ta da lokaci, alaƙa ce ta asali.

Kustantin ya haɗe daular Rum a hannunsa a 324 ya tarar da bishop-bishop na gabas suna sa-in-sa. Da farko ya aika wa Iskandar da Ariyus wasiƙa yana cewa maganar ba ta kai a yi faɗa a kanta ba. Da abin ya ƙi lafawa, ya kira taro a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya ta yau, a 325. A al'adance ana cewa bishop 318 suka halarta. Taron ya ce Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, kuma ya sa kalmar "homo'usiyos", wato zatinsa ɗaya da na Uba. Bishop biyu kawai suka ƙi sa hannu har ƙarshe, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus.

To shin sarki ne ya ƙaƙaba? Ya kira taron, ya ɗauki nauyinsa, ya matsa a kai ga matsaya ɗaya, ya kuma hukunta masu ƙi da kora. Wannan tasiri ne na gaske, babu amfanin ɓoye shi. Amma ka dubi abin da ya biyo baya. Shi wannan Kustantin ya dawo da Ariyus daga gudun hijira, ya kori Atanasiyus a 335, kuma a 337 bishop ɗin da ya yi wa sarkin baftisma, Yusibiyus na Nikomidiya, tsohon majiɓincin Ariyus ne. Ɗansa Kustantiyus ya goyi bayan masu ƙin kalmar Nikiya, har taron Kustantiniya na 360 ya hana amfani da kalmar zati gaba ɗaya. Sau biyar ana korar Atanasiyus daga kujerarsa. Da ikon fada kaɗai ke yanke hukunci, da ra'ayin Nikiya bai kai labari ba a waɗannan shekarun. A ganina, abin da ya dace a ce shi ne sarakuna sun sa ƙarfi a ɓangarorin biyu a lokuta daban-daban, kuma daga ƙarshe Sarki Tiyodosiyus ya mai da aƙidar Nikiya doka a 380, amma ba su ne suka ƙago tambayar ko amsoshinta ba. Wani ƙarin gishirin da ake yi shi ne wai a Nikiya aka zaɓi littattafan Sabon Alkawari. Taron bai taɓa wannan batu ba. Ya tattauna ranar Ista, ya kuma kafa dokoki 20 na tsarin Ikilisiya.

Rikicin ya daɗe ne saboda ba ɓangare biyu ba ne. Akwai masu cewa zati ɗaya, akwai masu cewa zati mai kama, da "homoi'usiyos", wanda harafi ɗaya ya raba shi da kalmar Nikiya. Akwai masu cewa a ce yana kama da Uba kawai a yi shiru, akwai kuma 'yan tsattsauran ra'ayi irin su Yunomiyus da suka ce zatinsa dabam ne sam. Bishop da yawa da suka ƙi kalmar Nikiya ba mabiya Ariyus ba ne, tsoro suke kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, wato a guje wa Ariyus a koma wa Sabiliyus.

Abin da ya warware ƙullin shi ne raba ma'anar kalmomi biyu da a da ake cuɗa su. Malamai uku daga Kafadokiya, Basil na Kaisariya da ƙanensa Giregori na Nisa da abokinsa Giregori na Naziyanzus, suka tsayar cewa "usiya" ita ce amsar tambayar "mene ne?", kuma ita ɗaya ce, "hupostasis" kuma amsar tambayar "wane ne?", kuma uku ce. Bambancin ukun ba a iko ko daraja ko daɗewa yake ba, a alaƙa ne kawai: Uba ba a haife shi ba, Ɗa haifaffe ne, Ruhu mai fitowa ne. Taron Nikiya jimla ɗaya tak ya yi a kan Ruhu Mai Tsarki, wato mun gaskata da shi, sai taron Kustantiniya na 381, mai bishop kusan 150, ya ƙara cewa shi Ubangiji ne mai ba da rai, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa. Wannan rubutun na 381 ne ake karantawa a coci yau da sunan shaidar bangaskiya ta Nikiya.

Kalmar nan ta biyu, wato "hupostasis", tana ba mai fassara wahala a Hausa. Idan ka ce "mutum uku", Bahaushe zai ji 'yan Adam uku, kowa da kansa da ra'ayinsa, kuma ba haka ake nufi ba. Larabawan Kirista sun ari kalmar "uƙnumi" daga Suryaniyanci don kauce wa irin wannan. Shi kansa babban malamin Ikilisiyar Latin, Agustin na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya, ya amsa cewa an faɗi kalmar ne don kada a yi shiru, ba don ta cika ma'ana ba.

Tsugune ba ta ƙare ba: Gabas da Yamma

Ra'ayin da ya ƙi Nikiya bai mutu a 381 ba. Ya ci gaba a wurin ƙabilun Jamusawa irin su Got da Bandal, kuma Bandal sun ci Kartaj a 439 suka mulki arewacin Afirka kusan shekara 100. A Sifaniya sai a taron Toledo na 589 sarakunan Got suka bar shi a hukumance. Daga wannan yanki ne wani ƙarin ya yaɗu. Rubutun 381 ya ce Ruhu yana fitowa daga Uba, bisa Yahaya 15:26. Ikilisiyoyin Latin suka ƙara kalma ɗaya, "filiyokwe", ma'ana "da kuma Ɗa". Manufarsu su nuna Ɗan daidai yake da Uba, suna dogara da koyarwar Agustin da ayoyi irin Galatiyawa 4:6, inda aka ce Ruhun Ɗansa. Fafaroma Liyo na Uku ya yarda da ma'anar amma ya ƙi a sa ta a rubutun, sai wajen 1014 aka fara rera ta a birnin Rum.

Otodoks sun ƙi ta saboda dalili biyu. Na aƙida shi ne, a wurinsu Uba shi kaɗai ne tushe, idan aka ce Ruhu na fitowa daga biyu an yi tushe biyu ko an rage darajar Ruhu. Sukan yarda a ce "ta wurin Ɗa". Na iko kuma shi ne, rubutun da taron dukan Ikilisiya ya amince da shi, wane ne ya ba ɓangare ɗaya damar taɓa shi? Wannan yana cikin abin da ya kai ga ɓarakar 1054 tsakanin Otodoks da Katolika, kuma sulhun da aka ƙulla a Filorens a 1439 bai ɗore ba. Kada ka cuɗa wannan da rabuwar Kibɗawa da Habashawa da Armeniyawa bayan taron Kalsidon na 451. Waccan a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a Almasihu ce, ba a kan Triniti ba.

Masu ƙin ta daga baya har zuwa yau

Bayan gyaran Furotesta, jagororinsa Luta da Kalbin sun riƙe Triniti yadda suka same ta, amma wasu suka ce in dai Littafi kaɗai za a bi, to a binciki wannan ma. Mika'ilu Sarbetus, likita ɗan Sifaniya, ya buga sukar aƙidar a 1531, aka ƙone shi a Janiba a watan Oktoba na 1553. Fostus Sosinus a Polan da Faransis Dabid a Tiransilbaniya suka koyar cewa Allah Uba ne kaɗai, Yesu kuma mutum ne da bai wanzu kafin haihuwarsa ba. Daga wannan layin ne 'yan Yunitariya suka fito. A Ingila sai a 1813 aka soke hukuncin doka a kan musun Triniti.

Masu wa'azin da suka zo gidanka, ga alama Shaidun Jehobah ne, waɗanda tushensu ke komawa ga Charles Taze Russell a Amurka cikin shekarun 1870, suka ɗauki wannan suna a 1931. A wurinsu Yesu shi ne farkon halitta, shi ne Mala'ika Mika'ilu kafin ya zo duniya, Ruhu Mai Tsarki kuma ikon Allah ne mai aiki, ba mai kansa ba. Matsayinsu ya yi kusa da na Ariyus. Akwai kuma 'yan Fentikos na kaɗaitaka, waɗanda suka taso daga wani taron wa'azi a Kalifoniya a 1913, aka raba gari da su a Assemblies of God a 1916. Su sun ƙi Triniti ne ta ɗaya gefen: Yesu shi ne Uba, shi ne Ɗa, shi ne Ruhu. Ana gane su da yin baftisma cikin sunan Yesu kaɗai, bisa Ayyukan Manzanni 2:38. Yawancin 'yan Fentikos ba sa tare da su. Mabiya Joseph Smith, da ake kira Momon, sun ce ukun dabam-dabam suke, Uba da Ɗa suna da jiki, haɗin kansu na nufi ne. Saboda haka fadar Batikan ta ce a 2001 ba ta amince da baftismarsu ba. Ka ga ke nan "ba mu yarda da Triniti ba" jimla ce da mutane uku masu ra'ayoyi masu karo da juna za su iya faɗa.

A cikin masu aƙidar ma ana ja-in-ja. Karl Barth, malamin Furotesta na ƙarni na 20, ya ga kalmar "mutum" ta zama mai ruɗarwa ya nemi wata, aka zarge shi da karkata wajen Sabiliyus. Wani malamin Furotesta, Jürgen Moltmann, ya jaddada ukun a matsayin zumunta ta ƙauna, aka zarge shi da kusantar alloli uku. A 2016 malaman bishara a Amurka da Birtaniya suka yi zazzafar muhawara a kan ko Ɗan yana ƙarƙashin ikon Uba tun fil'azal.

Misalin ruwa da ƙanƙara

Faston da ya gyara maka ya yi daidai bisa aƙidarsa. Ɗigon ruwa guda yana zama ƙanƙara ne, sannan ya narke, sannan ya zama tururi, kama bayan kama, wannan kuwa ra'ayin Sabiliyus ne. Haka misalin mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, manomi a gona. Misalin ƙwai mai ɓawo da fari da gwaiduwa, ko murhu mai duwatsu uku, ya mai da kowanne yanki ne na Allah, alhali aƙidar ta ce kowanne cikakke ne. Misalin rana da haskenta da zafinta tsoho ne kuma ya fi sauran, amma mai saurare yana iya ɗaukar haske da zafi a matsayin abin da rana ta samar, ya koma wurin Ariyus. Misalin 'yan'uwa uku 'yan gida ɗaya alloli uku yake bayarwa. Giregori na Nisa ya amsa wannan da cewa mutane uku kowa aikinsa dabam, nufinsa dabam, amma a Allah aiki ɗaya ne, nufi ɗaya, yana tasowa daga Uba ta wurin Ɗa ya cika cikin Ruhu. Lissafin 1+1+1 da masu suka ke kawowa, da 1×1×1 da ake mayar musu, duka ba su taɓa maganar ba, domin mai aƙidar bai ce ɗaya ne kuma uku ne ta fuska guda ba. Ko rarrabewar zati da uƙnumi ta gamsar, wannan ita ce ainihin tambayar, kuma masana falsafa suna kanta har yanzu.

Tunda kai Musulmi ne, ka san matsayin Alƙur'ani a Nisa'i 171 da Ma'ida 73 da Suratul Ikhlasi, ya kore ta a sarari. Abin da zai amfane ka a zama da abokan aikinka shi ne kada ka jingina musu abin da ba su faɗa ba. Babu wata babbar Ikilisiya da ta ce Allah ya yi aure ya haihu ta hanyar jiki, kuma babu wadda ta lissafa Nana Maryam a cikin ukun. Muhawarar da malaman ɓangarorin biyu suka yi a da ta fi wannan zurfi. Wajen 781 shugaban Ikilisiyar Gabas, Timoti na Ɗaya, ya tattauna da Halifa Mahdi a Bagadaza. Malaman Kirista na Larabci sukan bayyana ukun da cewa Allah ne da Kalmarsa da Rayuwarsa, su ce ai Allah bai taɓa zama ba magana ko ba rai ba. Malaman tauhidi suka mayar da cewa, idan sifofi ne, don me aka tsaya a uku, ina iko da ji da gani? Idan kuma ba sifofi ba ne, masu tsayuwa da kansu ne, to an sami dawwamammu fiye da ɗaya. Wanda ya karanta tauhidi a zaure zai tuna maganar Ash'ariyya cewa sifofi ba su ne zati ba, ba kuma waninsa ba ne. Ba abu ɗaya ba ne da Triniti, domin babu Musulmin da ya ce sifa ta zama mutum, amma ya nuna maka irin ƙasar da aka yi kokawar a kanta.

Idan kana son sanin inda wanda kake magana da shi ya tsaya, kada ka tambaye shi ko ya yarda da Triniti, domin kalmar kowa da abin da yake nufi da ita. Tambaye shi ko akwai lokacin da Yesu bai kasance ba ta kowace fuska. In ya ce akwai, yana layin Ariyus ko na Sosinus, kuma za ka raba su da tambayar ko Yesu ya wanzu kafin Maryam ta haife shi. In ya ce babu, tambaye shi da wa Yesu yake magana idan yana addu'a. In ya ce mutuntakarsa ce ke magana da allahntakarsa, domin shi ne Uban, to ɗan kaɗaitaka ne. In ya ce da Uba yake, kuma Uba ba shi ba ne, sai ka tambaye shi ko nufinsu da zatinsu ɗaya ne ko kuwa yarjejeniya ce ta haɗa su. Abokin aikinka mai misalin ruwa, in ka bi shi da waɗannan tambayoyi, mai yiwuwa ne ya amsa su yadda faston zai amsa, domin abin da yake karantawa ran Lahadi rubutun 381 ne, misalin ne kawai ya kwashe shi.